Ranar da Na Sa Tabarau a Lambun Surukina

Shekara tara ina auren 'yar Alhaji, amma in aka tattara duk maganar da na taɓa yi masa, ba za ta wuce "Ina kwana, Baba", "Lafiya lau, Baba" da "Amin, Baba" ba. Sunana Nafi'u, walda nake yi a Babura, kusa da tasha. A shagona bakina ba ya mutuwa, har ana cewa faɗana ya yi yawa, don na taɓa korar wani direban tifa da sanda saboda ya tsaya da sigari kusa da tukunyar gas. Amma da zarar na cire takalmi a zauren surukina a Kazaure, sai harshena ya maƙale.

Akwai dalili. Gidan Alhaji gidan ma'aikata ne tun kakanni, daga magatakarda sai mai awon fili. Lokacin da na zo neman Sadiƙa, an ce abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Mai walda?" Ba ni da sarauta, ba ni da kujera a ofis. Abin da na shiga gidan da shi kunya ce kawai, ita na yi ta tarawa shekara tara, har ta kai in aka zo zancena sai a ce, "Ai mijin yarinyar nan akwai ladabi." Wannan ita ce sarautata a gidan, kuma ina ji da ita ƙwarai. Sau uku Hajiya Batulu, surukata, tana aiko mini da tsohuwar motar Alhaji a ɓoye in buge inda ya gogi katanga, ban taɓa cewa uffan ba.

Gida ne kuma da ba a kiran sunan kowa. Sadiƙa 'yar fari ce, don haka iyayenta "yarinyar nan" suke ce mata. Hajiya "shi" take ce wa mijinta. Ni kuwa "Malam" ne. Alhaji yana da suna biyu: Abubakar Sadiƙ na takardar fansho, da Maikasuwa wanda mahaifiyarsa ta laƙaba masa don ranar kasuwa aka haife shi. Na biyun sau ɗaya na taɓa jin sa, Sadiƙa ta raɗa mini a kunne bayan ta rufe ƙofa, kamar wadda ta sato nama a tukunya.

Wata Asabar bayan ruwa na uku ya sauka, muka tafi gaisuwa da hantsi. Ba mu tarar da Alhaji a zaure ba, aka ce yana lambu. Lambun a bayan gida yake, a gindin dutse, da mangwaro biyu, lemon tsami, da gwaiba, an kewaye shi da dannin kara na bara. Ƙiriƙiri da tafasa sun cika shi fal. Ciwon baya ya raba Alhaji da fartanya, 'yan ƙwadago kuma kowa ya tafi gonarsa.

Na tsuguna daga nesa na gaishe shi, na gai da Hamma, dattijon Bafulatanin Gwiwa da ke riƙe masa shanu, wanda ya zo kawo nono aka tsayar da shi kallo. Sannan na saci kallon abin da ke tsakaninsu. Tanki ne kamar na fesa maganin ƙwari amma na ƙarfe, da famfon iska a ka, da dogon bututu, a ƙarshensa wani abu kamar gwangwani da siririn ƙarfe a nannaɗe a ciki.

"Bindigar wuta ce," in ji Alhaji, yana magana da Hamma amma don in ji. "Turawa da ita suke noma. Ka nuna wa ciyawa, ta mutu. A kasuwar Babura na same ta wajen wani ɗan Magarya, cikin kayan gwanjo."

A kasuwar Babura! Taku ɗari biyu daga shagona, bai ga ya dace ya leƙo ya tambayi wanda ke kwana da wuta yake tashi da ita ba. Abin ya sosa mini rai, amma na haɗiye.

"Alhaji, ba ta zo da takarda ba?" in ji Hamma.

"Takarda ta 'yan koyo ce. Shekara talatin da biyar ina karanta takardun gwamnati, ban ga wadda ta taɓa kashe ciyawa ba."

Ni kuwa kallo ɗaya na gane ta. 'Yar'uwar rishon nan ce mai famfo da maigidana yake narka dalma da shi lokacin ina koyon aiki. Kananzir take sha, shi kaɗai. Sai kuma hancina ya gaya mini abin da ke cikin jarkar da ke gefen ƙafar Alhaji. Fetur ne na janareto.

Ya zan yi? In buɗe baki in ce wa surukina ya yi kuskure, a gaban baƙo? Na miƙe a sunkuye na koma cikin gida da sauri, na jawo Sadiƙa gefe.

"Je ki gaya wa Hajiya ta gaya wa Baba kada ya kuskura ya zuba fetur a abin nan. Fashewa zai yi, ya tashi da shi da lambun gaba ɗaya. Kananzir ake sa mata. Kin ji? Fashewa!"

Ta zaro ido ta ruga madafa. Na bi ta a baya na laɓe. Sadiƙa ta durƙusa, ta kalli ƙasa, ta ce, "Hajiya, wai shi yana ganin kamar da an sa wa abin nan na Baba kananzir, wataƙila zai fi."

Fashewar ta faɗi a hanya tun kafin ta kai murhu. Hajiya ta goge hannu, ta yafa mayafi, ta leƙa ta ƙofar lambu, ta ce, "Sannunku da aiki. Yaran nan sai yaba injin nan suke yi. Wai ko kananzir ma sha yake."

"Ko kananzir ma?" Alhaji ya yi murmushi ya kalli Hamma. "Ka ji ko? Ba ta da zaɓe. Amma ni ba zan ba bindiga abincin risho ba. Miƙo mazurarin nan."

Ina tsaye ina kallo ya ɗura mata fetur har wuya.

Na sake komawa. Wannan karon na ce wa Sadiƙa aƙalla a raba shi da babbar rigar da ke jikinsa, don hannun riga shi wuta take fara kamawa, kuma silifa ce a ƙafarsa. Saƙon ya bi hanyarsa ta ɗazu, daga ita zuwa Hajiya, daga Hajiya zuwa lambu. Abin da ya isa kunnen Alhaji shi ne wai Malam ya ce rigar nan ta yi kyau ƙwarai, kada aiki ya ɓata ta.

"Yaron nan akwai ido," in ji Alhaji. Ya shiga gida ya cire ta, ya fito sanye da wata tsohuwar malum-malum da ta ninka ta farko faɗi, irin yadin nan mai santsi da ko garwashin turare ya taɓa sai ya narke. Wallahi sai da na ji kamar in fashe da kuka.

Na rarrafa wajen Hamma na raɗa masa komai, dalla-dalla, ban rage ko kalma ba. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai. Na ce to, Allah ya kawo mai ceto. Na manta cewa kunyarmu duk wasan yara ce in aka gwada da ta Fulani. Hamma ya yi gyaran murya, ya kalli Alhaji, ya kalli sama, ya ɗauki sandarsa da ƙwaryarsa ya koma bayan mangwaro. Iyakar shawarar da ya bayar ke nan.

Sai na koma dabara. Na ɗauki bokiti biyu na cika su a rijiya na ajiye kusa, kamar lemon tsami zan ba ruwa. Alhaji ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Na ce, "Amin, Baba." Na hango kwalin ashana a kan tabarma, na matsa a hankali na zauna a kansa.

Alhaji ya fara buga iska. Abin da bai wuce a buga sau 'yan kaɗan ba, shi yana yi yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai jan carbi. Ya wuce ashirin, ya wuce talatin. A arba'in tsohuwar robar murfin ta gaza, fetur ya fara fitowa siriri yana tsiii, yana sauka a hannun malum-malum.

"Ka ji ƙarfi," in ji shi. "Har tana huci. Ina ashanar nan?"

Ya duba dama, ya duba hagu. Ni na ƙura wa tururuwa ido kamar ban taɓa ganin irinta ba.

"Malam, ba ka ga ashana ba?"

Ƙarya ga suruki ko gaskiya ga suruki, ban san wadda ta fi muni ba, sai na yi tari. Ina cikin tarin nan Hamma, mutumin da na gama yi wa bayani yanzu-yanzu, ya fito daga bayan mangwaro. Babba ya nemi abu, shi kuma yana da shi, ai ba zai iya yin shiru ba. Ya cire malfarsa, ya zaro kwalin ashana daga ciki, ya miƙa da hannu biyu, ya tsaya a gefe yana sunkuyar da kai.

Iska tana kaɗawa wajen dannin kara. Bayan dannin akwai harawar ragunan Hajiya, bayan harawa ɗakin da Sadiƙa ta kwantar da 'yarmu. Alhaji ya zaro tsinke ɗaya, ya ɗora kansa a jikin kwali, fetur na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

Shekara tara na gani a gabana, duk tsugunon da na yi, duk abincin da na ƙi ci a gidan nan ina jin yunwa don kada a ga bakina yana motsi. Na san in na buɗe baki sun tafi. Kuma na san ba zan iya kallon fuskarsa in faɗa ba. Hannuna ya shiga aljihu ya ci karo da baƙin tabarau na walda, wanda ba na rabuwa da shi. Na zaro na maƙala a ido. Wanda ya san tabaran walda ya san ba ka ganin komai a cikinsa sai wuta. Lambu ya ɓace, Alhaji ya ɓace, ya rage ni da duhu da warin fetur, kamar ina shagona. Sai muryar shago ta fito.

"Maikasuwa! Jefar da ashanar nan! Kashe mu za ka yi?"

Na suri bokiti na watsa da iya ƙarfina wajen da nake zaton yana tsaye. Na ji shaaa, na ji wani ya ce "Wayyo Allah, hande na boni," rabi Hausa rabi Fillanci, da wata murya da ba ta Alhaji ba. Hamma na yi wa wanka, daga malfa har takalmi.

Amma na ji ƙarar kwalin ashana ya faɗi ƙasa.

Har kaji suka daina tono. Da na cire tabaran a lokacin, da na nutse cikin ƙasa. Sai na bar shi, ina leƙen ƙafafun mutane ta ƙasansa, bakin kuma da ya riga ya buɗe ya ƙi rufuwa.

"Ajiye ta a hankali. A hankali na ce! Cire rigar nan, kada ka girgiza ta. Matsa can wajen rijiya. Ba nan ba, can! Ɗauki sabulu ka wanke hannunka har kafaɗa."

Na ga silifa biyu suna bin duk inda na ce. Na tsuguna na sassauta murfin kaɗan-kaɗan har iskar ta gama fita, na kai tankin nesa na juye fetur ɗin a jarka na rufe, na bar tankin a buɗe ya sha iska.

"Duk wannan a kan ɗan fetur?" Muryar Alhaji ce. "Nuna mini."

Na ɗebi cokali ɗaya tak, na hau can saman falalen dutse inda babu ciyawa, na zuba, na ja da baya sosai, na ƙyasta ashana na wurga. Tun kafin tsinken ya taɓa dutse wuta ta yi fuuu ta tashi ta tarye shi a sama. Ita kam na gan ta sarai ta cikin tabarau.

"Cokali ɗaya ke nan," na ce. "A hannun rigarka akwai kofi guda."

Na sauko. Aiki ya ƙare, dole a cire tabarau. Da na cire, sai ga surukina zaune a bakin rijiya daga shi sai singileti da wando, ga Hamma yana matse riga, ga Hajiya da Sadiƙa a ƙofar lambu kowacce hannu a baki. Na zube a ƙasa. A raina na fara tunanin ko za a bar ni in riƙa tsayawa a bakin titi in aika a gaishe su.

Alhaji ya daɗe yana kallon malum-malum ɗin da ke yashe a ƙasa.

"Wa ya gaya maka sunan nan?"

Na ji ƙarar takalmin Sadiƙa tana shigewa gida a guje.

"Shekara ashirin da shida," in ji shi. "Rabona da jin sa tun da Inna ta rasu. Ita ma ba ta kiran sa da irin wannan murya sai in zan yi wauta." Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya ce sabulu ne ya shiga. Sannan ya juya. "Hamma, ka ga surukina ya ɗaga murya a lambun nan?"

"Alhaji, ni ruwa ya cika mini ido, ban ga komai ba."

"Ni ma ban gani ba. Surukina yaro ne mai kunya, shekara tara ban san muryarsa ba. Wani mai tabarau na gani, kuma da alama ya san aikinsa." Ya miƙe. "Malam, mayar da abin nan a idonka, ka ce wa mutumin ya zo ya koya mini bindigar nan."

Na mayar, amma a goshi na ɗora shi don in ga hanya. Alhaji ya ce haka ma ya ƙirgu.

Ranar sai bayan la'asar muka kunna ta, don na ce ba za a taɓa ta ba sai iska ta kwanta. Hajiya ta aika aka nemo kananzir, muka ɗauraye tankin da shi sau biyu. Na yanko sabuwar roba na sa a murfi, na buga iska kaɗan, na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa muka tsaya muna jira mu ga ko kumfa zai taso. Muka jiƙe dannin kara sharkaf, muka kwashe harawa, muka sake cika bokitai. Hamma da ya ga bokiti sai ya ce shanu suna jiran sa. Alhaji ya sa 'yar shara ta auduga da rufaffen takalmina, wanda ya yi masa yawa, yana tafiya kamar agwagwa. Na jiƙa tsumma da kananzir na cusa a gwangwanin na kunna, na ce sai nannaɗaɗɗen ƙarfen nan ya yi zafi sosai kafin a buɗe mata, in ba haka ba ruwan wuta za ta tofar. Ya kai hannu zai buɗe tun ba a je ko'ina ba, na buge hannun.

"To, oga," in ji shi.

Da ta kama, sai ta yi wani gurnani mai daɗin ji, wutar ta fito shuɗiya. Alhaji ya so ya tsaya a kan kowace tafasa sai ta zama toka, na ce wucewa kawai ake yi, ganye ya ji zafi ya yi laushi, gobe da kansa zai mutu. Da muka gama na sa shi ya rufe, ya saki iskar da hannunsa, muka zagaya lambun sau biyu muna neman hayaƙi. Sannan na cire tabarau na sa a aljihu, na tsuguna na ce, "Baba, za mu koma." Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam." Na ce, "Amin, Baba."

Har muka isa Babura ina jin jikin Sadiƙa yana girgiza a bayan babur. Dariya take yi ko kuka, ban tambaya ba.

Haka muka ci gaba. Gaisuwata ba ta ƙaru da kalma ɗaya ba, har yau ba na cin abinci a gabansa. Amma bayan kaka, wata Laraba, Hajiya ta kira Sadiƙa a waya ta ce shi ya ce Malam ya zo Asabar, kuma ya taho da tabarau.

Na tarar da shi shi kaɗai a zaure. Motar tana waje, fitilarta ta hagu a fashe, da fentin katangar masallaci a jikinta. Na tsuguna muka gaisa. Yana ta juya makullin motar a hannu.

"Na tambayi kowa a gidan nan," in ji shi. "Duk sun ce katanga ce ta matso. Sa abin nan."

Na sa, har kan ido. Zaure ya yi duhu.

"Idona ya fara yi mini gardama. Motar nan, in ci gaba da tuƙa ta?"

Na san abin da motar take a wurinsa. Da ita ya yi ritaya, da ita ya kai Sadiƙa gidana.

"Maikasuwa," na ce, a hankali wannan karon, "ka ajiye makullin. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

Ashe tun ɗazu ya miƙo makullin, ni ne ba na gani. Sai da ya lalubo hannuna ya buɗe tafin, ya sa makullin a ciki, ya rufe da nasa.